Darasi na 7: Yanka tiredi da tsohon dayis mai tsaga

To 'yan aji, yau kan dayis za mu zauna, wato ɗan kewayayyen ƙarfen nan mai haƙora a ciki da ake yanka wa rodi tiredi da shi don noti ya hau. Wanda muke magana a kai shi ne irin na da, mai tsaga a gefe guda, irin wanda za ka tsinta cikin akwatin tsohon bakanike ko wajen masu tsofaffin kaya a Panteka ko Ƙofar Ruwa. Kar ka ga tsagar ka ce ai fashewa ya yi, haka aka ƙera shi, ita ce ke ba shi damar buɗewa da tsukewa.

Kafin komai a wanke shi da kananzir da buroshi, a karanta rubutun jikinsa. In ka ga M10, na milimita ne, kaurin rodi milimita 10, tsakanin haƙori da haƙori 1.5. In kuwa ka ga 1/2 BSW to na Ingila ne, kaurin rodi rabin inci, tsarin da Joseph Whitworth ya fitar a 1841, haƙora 12 cikin inci guda. Tsofaffin dayis da yawa irin wannan ne, shi ya sa masu gyaran tsofaffin injinan Ingila har yau ba sa yar da su. Nan fa mutane ke shan wahala, don rodin inci 5/16 da na M8 a ido kamar ɗaya suke, amma ka ɗora notin wannan kan wancan, zagaye biyu uku ya cije, mai gaggawa sai ya kamo sifana ya danna, shi ke nan an kashe duka biyun.

Mariƙin dayis, wato hannun da ake saka shi a ciki a juya, yana da sukuru uku. Na tsakiya mai tsini shi ke shiga tsagar ya buɗe ta, biyun gefe su ke matse ta. A yankan farko ka sassauta na gefe, ka ɗaure na tsakiya dayis ya buɗe, saboda ƙarfen da ka bari kana iya dawowa ka ci, wanda ka cinye kuwa ba mai mayar maka da shi.

Kama rodi a bayis, wato abin matse ƙarfe na kan teburi, tsaye cak, ka goge bakinsa da magagari ya ɗan yi gangare. Duba dayis ɗin, gefe ɗaya haƙoran farko kamar an zaftare su, wannan gefen shi ke kallon rodi. Ɗiga mai, ka danna da tafin hannu ka juya a hankali. Zagaye biyun farko su ne aikin gaba ɗaya wallahi, ka tsaya ka leƙa ta gaba ka leƙa ta gefe, in ya karkace tun nan to haka zai tafi a karkace har ƙasa. Da ya kama sai ka riƙa rabin zagaye gaba, ka ɗan dawo baya, za ka ji wani ɗan ƙas a hannunka, ɓarɓashin ƙarfe ne ya karye ya zubo ta ramukan da ke jikin dayis ɗin.

Gwaji kuma noti ne, sabo mai lafiya, ba wanda aka tsinto a ƙasan gareji ba. Juya shi da yatsu kawai. In ya ƙi shiga ko yana tafiya da ƙyar, sassauta sukurun tsakiya kaɗan, matse na gefe kaɗan, ka sake bi. Kaɗan fa na ce, tsohon dayis ƙarfensa tauri gare shi amma ba ya lanƙwasa, ka matsa masa sai ka ji ya tsage biyu. Abin da ake so noti ya sauka har ƙasa da yatsu ba tare da yana rawa ba. In yana girgiza ka riga ka wuce, yanke wajen ka sake.

Aiki kafin zama na gaba: kowa ya samo guntun rodi mai milimita 10 da notinsa, ya yanka tiredi tsawon yatsa, ya rubuto a takarda sau nawa ya matse dayis kafin notin ya sauka.