Yadda za a koyar da mahaɗar kogi da teku a cikin aji

Yaron unguwar Nima ko Madina a Accra ya san teku, ya kuma san ruwan famfo. Abin da bai sani ba shi ne wurin da ruwan kogi da na teku suke gamuwa, kamar inda kogin Densu ya faɗa teku a yammacin Accra, ko kogin Volta a Ada Foah. Ruwan wurin zartsi ne, kuma a nan ƙananan kifaye ke girma. Malam, kada ka fara da zane a allo. Bari yara su ga ruwan da idonsu tukuna.

Ka tanadi ruwan leda biyu (kowane rabin lita ne), gishiri, kwalba mai haske, cokali da ganyen zoɓo. Litar ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35, saboda haka babban cokali ɗaya, ba a tula ba, ya ishi leda ɗaya. A motsa har ya narke sarai, a zuba rabin kwalba. Ɗaya ledar a jiƙa zoɓo a ciki ta yi ja, a tace, sannan a tsiyaya a hankali ta bayan cokali. Jan ruwan zai zauna a sama, domin ruwan gishiri ya fi nauyi. Haka ruwan kogi ke bi ta kan na teku kafin su gauraya.

A nan ake yawan kuskure. In aka sayo sobolo (zoɓon sha) na kanti, sukarin da ke ciki zai ƙara masa nauyi ya nutse, darasin ya juye. In gishirin mai tsakuwa ne bai narke ba, ko aka kwarara ruwan da ƙarfi, komai zai haɗe. Kada kuma a yi wa yara alkawarin ƙwai zai taso. Wannan gishirin bai kai ba.

Sai itatuwan mangurof, masu saiwa a waje cikin lakar mahaɗar kogi da teku. A jingina faranti biyu, a zuba yashi, a kafa soso da tsinken tsintsiya a ɗaya a matsayin saiwar mangurof, a kwarara ruwan laka kofi ɗaya a kowane. Yara su faɗi wanda yashinsa ya zaizaye.

Daga nan dabbobi su shigo. Kowane yaro ya zana guda a kati: ƙaguwa, karfasa, zalɓe, ko kawa, dabbar ruwa mai ɓawo da mata ke tsinta a Densu wajen Bortianor. A ƙara katin mangurof, a haɗa katunan da zare, wa ke cin wa, sannan a cire katin mangurof a ga zare nawa ya saki.

In za a kai su Densu ko tafkin Sakumono kusa da Tema, waɗanda aka sa a jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya a 1992, a je da sassafe a ranar da teku zai janye da safe, kowa da takalmi rufaffe saboda ɓawon kawa na yanka ƙafa. Daga Satumba tsuntsayen Turai ke sauka da yawa.