Yadda ake kashe faɗan kifin ado da dasa shuke-shuke masu rai a tankin gilas

Mafi yawan faɗan da ake gani a tankin kifin ado ba mugunta ba ce, rashin wurin ɓuya ne. A kogi, kifin da aka fi ƙarfi sai ya shige cikin ciyawa, mai korarsa ya daina ganinsa, magana ta ƙare. A tankin da babu komai sai gilas da tsakuwa, duk inda ya juya ana hangensa, sai a yi ta binsa har ya daina cin abinci. Saboda haka gyaran faɗa da dasa shuka aiki ɗaya ne, amma akwai abin da ya kamata a fara dubawa.

Fara da gane wane irin faɗa ne

Zauna nesa kaɗan da tankin na minti goma sha biyar, sau ɗaya lokacin ba da abinci, sau ɗaya bayan magariba da 'yar fitila. Kada ka tsaya a kansa, domin da sun ga mutum sai su taru neman abinci.

Idan maza ne ke bin mace ba hutu, matsalar lissafi ce. Gofi, moli da filati, ƙananan kifayen ado masu haihuwar 'ya'ya, ana ajiye su namiji ɗaya, mata biyu ko uku. Idan wutsiyoyi ne ke yagewa kuma kana da taiga-bab, mai ratsin baƙi huɗu, duba yawansa: guda biyu ko uku su ne masu cizon wutsiya, amma in sun kai shida zuwa takwas sai su shagala da junansu. Duk da haka ba a haɗa su da enjel, kifi mai dogayen fiffike, ko gofi mai doguwar jela. Idan kuwa kifi ɗaya ne ya kama kusurwa yana korar duk wanda ya matso, yanki yake karewa, wataƙila ma ƙwai zai saka. Wannan halin dangin gargaza ne, kuma ɗaya daga cikin masu zafinsu shi ne wani ja mai ɗigo-ɗigo masu sheƙi da ake samu a kogunanmu. Maza biyu na beta, wani kifin ado mai faɗa, kuma ba sa zama a tanki ɗaya, ko me ka dasa.

Akwai abin da ba faɗa ba ne sam. Yara kan kamo 'yar tarwada a kududdufi ko bakin kogin Hadeja su jefa cikin tanki, bayan makonni a ga ƙananan kifaye suna raguwa ba gawa. Da dare take cin su. Duk kifin da zai shiga bakin wani abinci ne, kuma wannan ba shi da magani sai rabuwa.

Auna tankin

Tsawo sau faɗi sau zurfi a santimita, ka raba da 1000, shi ne litar ruwan. Tanki mai 60 da 30 da 30 lita 54 ne, kuma da yashi da duwatsu bai kai haka ba. Ƙananan kifaye goma zuwa goma sha biyu sun ishe shi. Taiga-bab yana son tsawon da ya kai santimita 80 ko 90, enjel kuma yana son zurfi, kamar 45. A nan arewacin Najeriya gara a rage kifi fiye da abin da mai sayarwa zai faɗa, domin daga Maris zuwa Mayu ruwan ɗaki na iya haura digiri 30. Ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai, kifi kuma ya fi buƙatarta a lokacin, ga wuta ba tabbas. Ƙaramin injin iska mai batir ko mai aiki da sola ya fi duk wani kayan ado da za ka saya amfani.

Cire mai faɗan, ka sauya fasalin tankin

Mai faɗan ake cirewa, ba wanda ake cin zalinsa ba, sai dai in ya ji rauni sosai. Ka ɗebi ruwan tankin a bokiti mai tsabta wanda bai taɓa ganin omo ba, ka sa masa iska, ka rufe da abin da zai hana shi tsalle, ya yi kwana uku zuwa biyar, kana canja rabin ruwan kullum. In babu bokiti, a raba tankin da raga. Amma kada a yanko gidan sauron da aka raba a asibiti, domin maganin da ke jikinsa yana kashe kifi nan take. Haka ma fesa maganin sauro ko kunna igiyarsa a ɗakin: a rufe tankin, a kashe injin iska har warin ya fita.

Mai faɗan yana bokiti za ka yi dashen, ka kuma matsar da kowane dutse daga inda yake, yadda in ya dawo ba zai gane yankinsa ba. Fasasshiyar tukunyar ƙasa tana yin ɗaki mai kyau, in an goge kaifinta a kan dutse. Ɗakunan su fi masu kama yanki yawa, kuma kada bakunansu su kalli juna.

Shukokin da ke yi a nan

Kainuwa ce mafi sauƙin samu. Saiwarta mai tsawo tana ɓoye 'ya'yan gofi, tana kuma shanye dattin da kashin kifi ke bari a ruwa. Kada ta rufe fiye da sulusin saman ruwan, domin da dare shuka ma iska take ja, kuma na ƙasa za su rasa haske. A bar tazara tsakaninta da murfi, in ba haka ba ruwan da ke ɗigowa ya ruɓar da ganyen. Akwai kuma ciyawar tafki mai siraran ganye zagaye da kara, wadda ba ta da saiwa ko kaɗan. Ita ba a binne ta, a bar ta tana yawo ko a ɗaure gindinta da ɗan dutse.

A wajen masu kifin ado a birni a nemi balisneriya, mai dogon ganye kamar na albasa, da anubiyas, wanda asalinsa ma daga dazuzzukan Afirka ta Yamma ne, har da kudancin Najeriya. Anubiyas ba ya son haske mai yawa, ganyensa kuma yana da tauri, shi ne kusan kaɗai ke tsira a gaban golfish da dangin gargaza, waɗanda ke tona yashi su cinye mai laushi.

Tsabtace su kafin su shiga

Nan ne aka fi yin ganganci. Shukar kududdufi tana zuwa da matsattsaku, da 'ya'yan mazari masu cin ƙananan kifi, da ƙananan dodon koɗi, wanda wasunsu ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Kada ka shiga ruwan. Jawo shukar da sanda, ka sa safar hannu ta roba. A gida ka cire ruɓaɓɓen ganye, ka goge ƙwan dodon koɗi, wani abu mai santsi da ke manne a bayan ganye. Sannan ka narkar da babban cokali ɗaya na alam, wanda ake sa wa ruwa ya kwanta, a lita huɗu, ka jiƙa shukar kwana biyu. Ɗauraye sosai, ka bar ta a bokitin ruwa mai tsabta a inuwa mai haske na mako biyu kana dubawa. Mai faɗan zai iya komawa tanki kafin nan. Fara da shukokin da ka saya, su ma bayan wanki, na kududdufi su biyo baya.

Dashen kansa

Yashin kogi mai ɗan kauri ya isa, a wanke shi har ruwan ya fito fes, a shimfiɗa kaurin santimita 5. Rage ruwan tankin zuwa rabi. Balisneriya a baya da gefe, tsakanin kowane gindi santimita huɗu. Saiwa kawai ake binnewa, farin wuyan da ganye ke fitowa ya tsaya a saman yashi. Anubiyas yana da kara mai kauri a kwance, in ka binne shi zai ruɓe. Ɗaure shi da zare a jikin dutse ko kasko, cikin 'yan makonni zai kama da kansa.

Kada ka jera duka a bangon baya don kyau. Ka yi dunƙule ɗaya mai kauri kusa da tsakiya, ya raba tankin gida biyu. Leƙa ta gefe ɗaya: in kana hango ɗaya gefen tar, kifi ma yana hangowa, ka ƙara.

Haske awa shida zuwa takwas da ƙwan lantarki fari mara zafi ya wadatar, kuma na sola yana yi. Rana kai tsaye ta taga tana ɗumama ruwa ta mayar da shi kore. In tsofaffin ganye suka narke a makonni biyun farko, yanke su kawai, muddin sabon toho na fitowa. Ganye ya yi ta rawaya gaba ɗaya, yawanci haske ne bai isa ba. Gansakuka ta rufe ganye, haske ne ko abinci ya yi yawa. Kada a zuba takin gona a tanki.

Mayar da kifin

A mayar da mai faɗan da dare bayan an ciyar da sauran, a kashe fitila. Daga nan a riƙa zuba abinci a kusurwa biyu lokaci guda, abin da za su cinye cikin minti biyu. Kowane mako a canja rubu'in ruwa. Na rijiya ko burtsatse a bar shi ya kwana a ɗakin don zafinsu ya daidaita, na famfo kuma ya yi kwana ɗaya a buɗe saboda sinadarin da ke ciki. Wutsiyar da ta yage tana tofowa da kanta a ruwa mai tsabta. In bakin raunin ya yi fari-fari, a ware kifin a bokiti da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a lita huɗu, ba a cikin tankin ba, domin gishiri na kashe shuka.

Ɗan kora na daƙiƙu ba komai ba ne. Abin dubawa shi ne ko kowa yana fitowa cin abinci. In bayan mako biyu har yanzu akwai wanda ke maƙale a saman kusurwa, fiffike a naɗe, to haɗin ne bai yi ba: a sama wa mai faɗan nasa tankin ko a mayar wa mai sayarwa, kada a sake shi a kogi ko dam.