Yadda ake haɗa gam ɗin filawud daga tunkuzar waken soya

Gam ɗin da ake manna filawud da shi galibi yana ɗauke da sinadarin fomaldihaid, wanda hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta saka a jerin abubuwan da ke haddasa cutar a 2004. Kafinta na shaƙarsa, mai gida ma haka. Ga shi kuwa tunkuzar da ke saura bayan an tatse man waken soya kusan rabinta furotin ne, kuma da ita aka riƙa manna filawud a Amurka tun shekarun 1920.

Da farko a busar da tunkuzar, a niƙa ta lukwi, a tankaɗe. Kada a yi ganda a nan, domin gari mai tsaki ba ya shafuwa. Sai a dama awo ɗaya na gari da kimanin awo uku na ruwa, bisa nauyi, har gudaji su mutu.

Daga nan a narka kostik soda a ruwa daban, a riƙa ɗigawa cikin damammen garin ana juyawa, ana gwadawa da takardar awon pH, wato ma'aunin ƙarfin sodar a cikin haɗin, har ta kai 10 zuwa 11. A ganina nan ne aikin yake. Furotin ɗin a dunƙule yake kamar ƙwallon zare. Soda ce ke warware shi ya samu hannun kama itace. In ta yi kaɗan gam ba zai riƙe ba, in ta yi yawa ta tsinka furotin ɗin, ta kuma ɓata launin katako. A sa safar hannu da tabarau, don tana ƙona fata. A haɗa iya na ranar kawai, ba ya kwana.

A shafa shi siriri a kan busassun fallayen katako, a jera uku ko biyar, jijiyar kowanne ta gitta ta na ƙasansa. A matse a injin matsa mai zafin digiri 120 zuwa 140 na ma'aunin Celsius, fallaye uku na kusan minti biyar, sannan a bari ya huce.

Raunin wannan gam ruwa ne. Masana'antu kan ƙara masa sinadarin PAE, mai sa gam ya jure ruwa, dabarar da Kaichang Li na Jami'ar Jihar Oregon ya samo. Wanda ba shi da shi ya tsaya ga kayan cikin ɗaki. Kafin a yi da yawa, a yanki guntu a jiƙa shi awa 24; in fallayen suka rabu, a sake duba yawan soda da zafin inji.