Idan fayil ɗin CorelDRAW ya ƙi buɗuwa a tsohuwar kwamfuta

'Yan uwa masu shagon buga kati a Katsina, kwamfuta mai RAM 2GB kada a ɗora mata sabon CorelDRAW, sandarewa za ta riƙa yi. Tsohon CorelDRAW X3 ya ishe ta, sai dai ba ya buɗe fayil ɗin sababbin. A ce wa mai zanen, wajen Save As ya mayar da Version zuwa 13.0, wato na X3, in babu shi a jerin ya turo PDF. Kafin nan ya zaɓi rubutun duka ya danna Ctrl+Q ya mayar da shi zane, don kada ƙ, ɗ da ɓ su koma akwatuna a wajenku. Amma fa daga nan rubutu ba ya gyaruwa, a tabbatar da sunan amarya da ranar ɗaurin aure tukuna.