Yadda na gyara cijewar sabon injin motar rimot mai shan naitiro

Na sayi 'yar motar, na zuba naitiro, wato man da irinta ke sha, na ja igiya sau uku, sai ta cije ƙam. Na ɗauka na lalata injin.

Ashe fistin ne ya maƙale a can saman silinda. Haka ake ƙera irin waɗannan injina, saman ya fi matsewa, sai ƙarfen ya yi zafi yake buɗewa. Ga shi kuma na cika injin da mai wajen gaggawa.

Na cire filogi, na kifa motar, na ja igiya har man ya tsiyaye. Sannan na gasa kan injin da na'urar busar da gashi na kusan minti 5, har ya gagari taɓawa. Da na mayar da filogin ban ɗaure shi sosai ba, sai bayan injin ya tashi.

Don sabon injin ya saba da aiki, tanki 5 na ƙona, allurar kabureta a buɗe don mai ya wadata, hayaki yana fita shuɗi-shuɗi. Totur kuwa rabi kawai, duk da zuciya tana ta raya min in danna. Bayan kowane tanki nakan saukar da fistin ƙasa, in bar injin ya huce sarai.