Inda ɗalibai ke zamewa wajen nemo ikweshan ɗin miƙaƙƙen layi

Jiya da daddare na zauna ina duba aikin yaran da nake wa lesin ɗin lissafi, 'yan SS2 ne da masu shirin WAEC da NECO, wallahi abin ya dame ni, domin fomula kowa ya haddace ta, m = (y2 − y1)/(x2 − x1) sannan y = mx + c, amma wajen zuba lambobin ne ake ɓarin maki.

Kuskure na farko shi ne juya gangara, wato gradiyen, wanda shi ne m a fomular. An ba ka ɗigo (2, 3) da (5, 9), lambar farko a kowanne x ce ta biyu kuma y, sai ka ga yaro ya ɗora x a sama ya rubuta 3/6. A'a, y ne a sama koyaushe, 9 − 3 bisa 5 − 2, shida a raba uku, m = 2. Wani kuma ya fara da ɗigo na biyu a sama, da ya zo ƙasa sai ya fara da na farko, 9 − 3 bisa 2 − 5, ya samu −2. Duk wanda ka fara da shi a sama da shi zaka fara a ƙasa, shi kenan.

Amma wanda ya fi cinye mutane shi ne mainos, nan zan tsaya sosai. Ɗauki (−1, 4) da (3, −4). Sama −4 − 4 = −8, wannan yawanci ana samu, ƙasa kuma 3 − (−1) ne, wato 4, to a nan ne sauri ke sa yaro ya haɗiye mainos ɗaya ya rubuta 3 − 1 = 2, gangararsa ta zama −4 maimakon −2, kuma daga nan duk abin da ya biyo baya ya lalace ko da hanyarsa daidai ce. Dan Allah duk lambar da ke da mainos ka sa ta cikin biraket kafin ka ɗebe, bai fi sakan biyu ba.

Sai masu samun m su ajiye biro, sun manta c, wato inda layin ke ratsa layin y. A misalin nan sa x = −1 da y = 4, zaka samu 4 = 2 + c, kaga c = 2, layin ya zama y = −2x + 2. Kar ka ɗauki x na wannan ɗigo da y na wancan, na ga wannan fiye da sau ɗaya jiya.

Abin da ya fi ba ni takaici kuwa ba mai gwada amsarsa, alhali ɗigo na biyu yana nan zaune kyauta. Sa x = 3, −6 + 2 = −4, ya yi daidai da abin da aka ba ka. Wanda ya samu −4 a gangara da ya gwada da nan take zai kama kansa.

In kuma aka ba ka (4, 1) da (4, 7) ƙasa zai ba ka sifili, kar ka rubuta m = 0, ba a raba lamba da sifili. Layin a tsaye yake cak, amsarsa x = 4. Mai gangara sifili shi ne kwantacce, irin (1, 5) da (6, 5), wannan y = 5 ne.