Kurakuran da ke ɓatar da zanen yatsa a jikin gawa

Fata ba gilashi ba ce. Zanen yatsan da mai laifi ya bari gumi ne da maiƙo, fatar da ya taɓa kuma da nata gumin da nata maiƙon, sai su gauraye. A jikin mai rai zanen ba ya jimawa, sau da yawa kafin awa biyu ya bi ruwa. A jikin gawa ya fi daɗewa, amma a nan ne ma'aikata suka fi yin ɓarna.

Babban kuskure shi ne gaggawar kai gawa firjin mutuware. Idan aka fito da ita daga sanyi, raɓa ce za ta sauka a fatar, ta wanke ɗan abin da ya rage. A duba ta tun a inda aka same ta. In kuwa ta riga ta shiga firji, a bari fatar ta bushe sarai kafin a sa mata komai. Ɗaukar gawar ma da nasa haɗarin: masu ɗauka sukan kama wuyan hannu da idon sawu, wato daidai inda mai kisa ya riƙe ya ja. Safar hannu tana hana ka barin naka zanen, ba ta hana ka goge nasa. A idon sawu ne ai masu bincike a Miyami ta Amurka suka samo zane da hodar maganaɗisu a 1978, aka kuma yanke wa mai kisan hukunci.

Wasu kuma sukan ɗauko ninhaidirin, wani sinadari mai fito da zanen yatsa, don sun ga yana aiki a takarda. Ba ya amfani a nan, domin sinadarin da yake kamawa ya cika fatar kanta. Hayaƙin sufa gulu, dabarar da 'yan sandan Japan suka fara a ƙarshen shekarun 1970, shi ya fi dacewa, sannan a bi da hoda. Hayaƙin kaɗan ake so. In ya yi yawa, fatar duka ce za ta yi fari. Kada a ɗaga zane, wato a kwafe shi daga fatar, sai an ɗauki hotonsa da ma'auni a gefe, don ɗagawar takan lalata shi.

A wajenmu akwai ƙarin matsala, ita ce saurin sutura. Da zarar an yi wa mamaci wanka, magana ta ƙare. Jami'in da ya fara isa ya roƙi dangi cikin ladabi su ɗan dakata har mai bincike ya gama.